Tsarabar Uwar Ɗan Fari

Ranar da malamar Islamiyyarmu ta Upper Marlboro ta ce kowa ya faɗi sana'ar wani a gidansu, na ce kakata sayayya take yi. Aji ya fashe da dariya. Wata da ke zaune bayana ta ce ita ma sana'arta ke nan duk Asabar, in dai babanta ya ba ta katinsa. Ban iya mayar da magana cikin mutane ba, sai na sunkuyar da kai. Wannan rubutun shi ne amsar da ban bayar ba.

Kakata ce ta wajen uwa. Sunanta Hajiya Yalwa, amma daga Maryland har Virginia Hajiya Mai Tsaraba ake ce mata. In baƙo ya zo Washington taro ko ganin likita, ko wani mutumin nan zai tafi gida ganin dangi, ita ake kira. Ita za ta shiga kantuna ta sayo abin da za a raba wa mutanen da ba ta taɓa gani ba, kowa daidai matsayinsa, ta shirya a akwati ba tare da nauyi ya wuce ƙa'idar jirgi ba. Tana karɓar ladanta, kuma ba ta ragi. Ni a nan aka haife ni, amma ɗaki ɗaya muke kwana da ita, ita kuwa ba ta amsa Turanci a gida. Turancinta na ciniki ne, ya ishe ta a kanti. In magana ta yi tsawo ko ta yi sauri, ni ce tafinta. Shi ya sa nake bin ta duk Asabar. Kurma take ce mini don ba na magana, ni kuma in ce mata 'yar tsohuwa, ƙasa-ƙasa.

A jakarta akwai ƙaramin almakashi irin na gyaran gashin baki. Da shi take yanke farashi daga jikin kaya ta bar sunan kanti, domin a gida ana so a ga daga Amurka abu ya fito, amma nuna wa mutum abin da ka kashe masa gori ne. Akwai sikelin rataye, da tef ɗin tela wanda lambobinsa suka koɗe. Wanda ta fi ji da shi gilashin ƙara girma ne, mariƙinsa a ɗaure da zare. Da shi take leƙa cikin takalmi da jaka. In ta ga ɗigo uku-uku a jikin fata kamar an tsira da allura, sai ta ajiye ta goge hannu da gefen mayafi. Fatar alade ce.

Ba aiki ta zo yi ƙasar nan ba, wankan jegon mamata ta zo, zama ya miƙe. Wata Madam Hadiza 'yar Damagaram, matar wani ma'aikacin gidan rediyo a Southwest Washington, ita ta koya mata. Hajiya ta ce ta daɗe ba ta taɓa sayen ko allura ba, ɗaukar leda kawai take yi. Madam za ta ɗaga gyale a kanti ta ce, "Wannan kado na wa ne?" Kado ita ce tsaraba a bakinsu na Nijar. Hajiya ta ce na budurwa. Madam ta ce, "Budurwar ɗakin wa? Akwai wadda ta girme ta a gidan? To ita me za a sa mata a baliz?" Baliz kuma akwati ne. A wajenta ta koyi juya kowace riga ciki da bai kafin a ninke, saboda wani baƙo da ya yi sayayyarsa da kansa. Mai kanti ta manta ba ta cire robar nan da ake maƙala wa kaya don ɓarayi ba, sai a Kano aka gan ta jikin rigar amarya. Suka sa filaya. Tawada ta fashe a ƙirjin rigar, dangin ango kuma suka tafi da labarin cewa kayan sata aka kawo daga Amurka.

Aikin da nake so in ba da labarinsa na Anti Nabila ne. Nas ce, a Springfield aka haife ta, mahaifiyarta ta rasu tun tana firamare, babanta ne ya rene ta. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta auri wani Kabiru ɗan Funtuwa da ya zo karatu ya zauna. A can aka ɗaura aure ta hannun wakilai, a nan aka yi walima, don haka ba ta taɓa taka gidan surukanta ba. Yanzu za ta je karon farko. Kabiru ya riga ya yi gaba, ita jirginta jibi. Ta ce ta gama sayayyarta da kanta, shiryawa da aunawa kawai take so a yi mata.

Mun same ta ta baje kaya a kan gado. Ta durƙusa ta gaida Hajiya yadda ya kamata, ta kawo mana shayi. Hajiya ba ta sha ba, idonta na kan gadon.

"Gyale takwas iri ɗaya. Makaranta za ki buɗe?"

Anti Nabila ta ce don kada wata ta ji an fifita wata ne.

"'Yata, a gidan da za ki, in kika daidaita kowa kin zagi rabinsu. Matar wan miji da yarinyar da ke wanke-wanke su fito da gyale ɗaya?" Ta ɗago wani abu da aka naɗe da takarda mai laushi, ta warware. Ta tsaya. Ta kalle ni, ta kalli abin. "Kurma, idona ne, ko faifai nake gani?"

Faifai ne, ja da baƙi. A kantin wani gidan tarihi ta saye shi, aikin hannu ne, in ji ta, kuma ba araha ba. Na juya bayansa na karanta 'yar takardar: daga Afirka ta Yamma aka kawo shi.

"Ya sha wahala ya zo Amurka, za ki mayar da shi gida ya rufe kwanon tuwo. Rataye abinki a bango, nan ne yake da daraja."

Akwai wani ƙaton littafin zane-zane da ta saya wa surukinta, saboda an ce mata yana son littattafai. Hajiya ba ta karanta Turanci, amma ba ta taɓa sa littafi a akwati ba ta buɗe shi shafi-shafi ba. Ta fara buɗawa tana lasar yatsa. Gonaki, jiragen ruwa, wata tsohuwa da kyanwa. Can wajen tsakiya ta rufe shi da ƙarfi, ta ɗora hannu a kai, ta ce in juya baya. Na riga na gani. Mata ne a bakin rafi, ko zare babu a jikinsu.

"Limamin unguwa ne fa, ko ba haka kika ce ba? A zaure zai buɗe, gaban almajirai."

Anti Nabila ta rufe fuska da hannu biyu tana dariyar kunya. Hajiya ma ta ɗan murmusa. Ta sa gilashi ta duba wani walat na fata ta ce, "Wannan kam saniya ce, kin tsira." Sai ta ce a nuna mata gidan.

Haka take aiki. Ba ta son a jero mata sunaye, hoto take so. Anti Nabila ta buɗe hoton ranar ɗaurin aure a wayarta, mata cike da tsakar gida. Hajiya ta riƙa nuna su da farce ɗaya bayan ɗaya, wannan wace ce, me kika sayo mata. Mai babban ɗauri a tsakiya ita ce Mama Binta, wadda Kabiru yake kira kullum. An sayo mata jaka mai kyau da mayafin ulu. Hajiya ta yaba. Sai farcenta ya kai can gefen hoton, inda wata siririyar mata take zaune a tabarma, ta miƙe ƙafa, fuskarta na kallon wani waje.

"Wannan fa?"

Fuskar Anti Nabila ta canza. Ta fara magana da Turanci, da sauri, ba ta kallon kowa. Da ta gama, Hajiya ta juyo gare ni. Ban taɓa faɗin magana irin wannan gaban babba ba.

"Kurma, ina jin ki."

"Ta ce Inna Lami ce. Ita ta haifi Kabiru."

"To?"

"Ta ce ba ta sayo mata komai ba. Da gangan." Na ci gaba. "Ta ce matar ba ta son ɗanta. Ta bayar da shi tun yana ɗan yaye. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya buga waya gida aka miƙa mata sai ta tashi ta fita. Ko barka ba ta yi masa ba da aure. Ta ce ita da ta rasa uwa ta san darajarta, kuma ba za ta ɗauki kyauta ta kai wa wadda ta yar da nata ba."

Hajiya ta ajiye almakashi. Ta zauna a bakin gado a kan gyalen nan takwas, abin da ba ta taɓa yi ba, zama a kan kayan mutane. Ni na san ba ta faɗin sunan Kawu Babba, ɗanta na fari. "Wancan na Kaduna" take cewa. Na tashi na tarar da haka kamar yadda na tarar da launin bangon ɗakinmu. Ban taɓa tunanin wani zai kalli abin ya kira shi ƙiyayya ba.

"Ɗan fari ne?" in ji Hajiya.

Anti Nabila ta ɗaga kai.

"Mama Binta goggonsa ce? Ita ta zo ta ɗauke shi bayan yaye?"

Ta sake ɗaga kai.

"To me kike so ta yi? Ba tambayarta aka yi ba, zuwa aka yi aka ɗauka. Ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon mutane. In ta kira sunansa a ce ba ta da kunya. In ta yi rawar kai ranar aurensa a yi da ita a gari har ta mutu. Zaman nan da kika gani a gefe, shi ne wurinta, kuma ta zauna shi da kyau." Ta ɗaga wayar. "Bari in faɗa miki abin da zai faru. Za ki shiga ki raba kaya ki tsallake ta. Ba za ta ce komai ba, ba za ta taɓa cewa komai ba. Amma duk matar da ke tsakar gidan nan ta gani. Kuma ba za su ce ke ce ba, yarinyar Amurka me ta sani. Cewa za su yi shi ya sa ki. Ke ki hau jirgi ki dawo, ita ta zauna da maganar, shi kuma ta bi shi duk zuwan da zai yi."

Anti Nabila ta ɗago ta dubi Hajiya. Sai ta yi magana a hankali, da Hausarta mai karkata, ba ta jira ni ba.

"Wa ya tambaye shi ko ya ji ciwo?"

Na zaci Hajiya za ta yi faɗa. Ta daɗe tana kallon bargon gadon.

"Ba wanda ya tambaye shi. Ita ma ba wanda ya tambaye ta. Ni tsaraba nake saye, 'yata, ba shari'a nake yi ba. In kin ce a rufe akwati haka, in rufe in auna. Amma ban taɓa rufe irinsa ba."

Anti Nabila ta tashi ta shiga kicin. Muna jin ruwa na zuba a famfo, ya daɗe yana zuba. Da ta dawo ta ce to, a sayo mata jaka da mayafi irin na Mama Binta.

"A'a. Wadda ta yi wahalar riƙo ba a daidaita ta da kowa, nata ya fi na kowa kyau a ido. Kuma duk abin da kika ba Inna Lami mai ɗaukar ido, kafin la'asar ta miƙa wa ƙannensa. Ba za ta yarda a gan ta tana ado da kayan ɗan fari ba. Sai abin da ba zai yi wa kowa ba sai ita. Kurma, jawo mini ita kusa. Ba fuskar ba. Ƙasa."

Na ware hoton da yatsu har ƙafafun suka cika wayar. Silifas ne na roba, dunduniyarta ta zarce shi a baya. Igiyar ƙafar hagu an yanke ta an ƙara da tsumma. Idon sawun ya kumbura har ba a ganin ƙashin.

Anti Nabila ta karɓi wayar. Na ga yadda kallonta ya koma irin na wurin aiki. Ta ce wannan kumburi ba na zama ba ne, ya kamata a auna jininta, kuma za ta tafi da na'urarta. Ta ce ƙafa irin wannan takalmi mai faɗi take so, mai laushi, wanda ba ɗinki a ciki da zai goge fata, mai ɗaurin da ake mannawa don a sassauta in yamma ta yi. Ta san kantin da suke sayarwa a cikin gari, can take tura marasa lafiyarta.

"Kin ga wannan ni ban sani ba," in ji Hajiya. "Ni na ga ƙafa, ke kin san ciwonta."

Saura lamba. Anti Nabila ta ce a buga wa Kabiru ya tambaya. Hajiya ta dube ta kamar ta ce a buga wa shugaban ƙasa.

"Ya je ya tsaya gaban uwarsa ya ce lamba nawa kike sawa? Kina da buta a gidan nan?"

A hoton, dab da ƙafar Inna Lami, akwai butar roba mai ratsin kore. Na shiga banɗaki na ɗauko ta Anti Nabila, wadda Kabiru ya zo da ita daga gida. Iri ɗaya ce. Hajiya ta ce butocin ƙasar Hausa duk uwa ɗaya ta haife su. Ta auna gindin butar da tef, ta auna na hoton da farcenta, ta ɗora farcen a tsawon ƙafar, tana motsa baki. Ta sa ni na cire safa na taka kusa da butar, ta ja baya ta kalla. Sannan ta faɗi lamba.

A jirgin ƙasa zuwa cikin gari Anti Nabila ta tambaye ta ko ta taɓa tunanin barin aikin. Hajiya ta ce shekarar korona ce kawai.

"Na riga na yi sayayyar mutane kafin a rufe hanya. Kaya suka cika ɗakinmu, ni da Kurma muna bi ta gefe. Babu jirgi, babu baƙo, kantuna a kulle. Takalman yara suka zauna har masu su suka girme su. Turare ya juya. Wannan duk da sauƙi. Sai waya ta fara shigowa: Hajiya, kwat ɗin nan ta Baba, a bar ta, Allah ya yi masa rasuwa. Hajiya, carbin nan da bargo, ba sai an kawo ba. Ka zaɓi abu da mutum a ranka, ka auna kafaɗarsa a hoto, ka san launin da yake so, sai a ce babu shi. Wa za ka ba? Ba ya shiga kowa yadda zai shige shi. Masallaci na kai su. Daga shekarar nan ba na yarda a ce mini a bari sai zuwa na gaba."

A tasha ta gaba muka sauka.

Kantin takalman ƙarami ne, yana warin roba da sabon kwali. Mai sayarwa, wani dogon saurayi, ya tambaya wa za a gwada wa. Na ce mai ƙafar tana Nijeriya. Ya ce to a kawo lambarta. Na ce da buta muka auna, sai na ga ban san yadda zan ci gaba da bayanin ba. Hajiya ta sa ya fito da kwalaye har sun yi tsibi. Fari ta ce zai yi dauɗa kuma za a gani daga nesa. Baƙi mai igiya ta ce na maza ne, ba za ta sa ba. Anti Nabila tana cusa hannu cikin kowanne tana laluben ɗinki, Hajiya tana bi da gilashi tana neman ɗigo uku, saurayin yana tsaye yana kallonsu bakinsa a ɗan buɗe. Suka tsaya a kan wani ruwan ƙasa, mara ado ko kaɗan, wanda in an saka zani ya sauko ba wanda zai lura da shi.

Anti Nabila ta ce a sayi lamba biyu, in ɗaya bai yi ba ɗaya ya yi.

"In kika kai biyu kin nuna kintata kika yi. Kuma kin ba ta hanya: ta ce sun yi mata yawa, ta bayar da duka. Ɗaya za ki kai. In na yi kuskure, nawa ne."

Daga nan muka biya kantin littattafai. Hajiya ta samu kujerar yara ta zauna, ta buɗe wani littafin hotunan masallatan duniya tun daga bangon farko har na ƙarshe, ma'aikaciyar kantin tana zagaye ta, sannan ta ce a saya wa liman. A kasuwar masu aikin hannu ta ƙarshen mako ta zaɓi gyale biyu masu nauyi na matan yayyen miji na wajen Mama Binta, ta ce takwas ɗin can a raba wa 'yammata da maƙwabta. Ƙafata ta yi ciwo. Ita ko tsayawa shan ruwa ba ta yi ba.

Da muka koma Springfield ta cire takalmin daga kwali, ta yanke duk wata takarda har da sunan kanti, ta sa shi a baƙar leda irin ta cefane. Tana ɗaurewa tana ba da umarni, ni ina juyawa inda ya yi wuya.

"Ba a tsakar gida ba. Ki gama da kowa, a gama guɗa a watse. Sannan ki je ɗakinta, ki durƙusa daga bakin ƙofa ki gaishe ta. Ki ce ga wannan, ke kika gani kika ce ko zai yi. Kada ki ambaci sunansa. Za ta ce ki ajiye can. Ba za ta buɗe ba, ba za ta gode ba. Kada ki tsaya jira."

"In ba ta saka ba fa?"

"To ba ta saka ba. Ke dai kin shiga ɗakin da hannu ba wofi ba, kuma an ga shigarki."

Ta rataya akwatin a sikeli, ta cire faifai da Anti Nabila ta sake cusawa a ɓoye, ta sake aunawa, ta zuge.

Bayan wasu makonni Anti Nabila ta zo gidanmu da ledar kuka da daddawa. Ta yi duhu kaɗan, Hausarta ta ɗan miƙe. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Hajiya. Ta ce Mama Binta ta yi guɗa da jakarta, liman ya hana kowa taɓa littafinsa. Inna Lami kuwa, yadda aka faɗa haka aka yi. "Ajiye can bayan ƙofa." Ko kallon ledar ba ta yi ba. Kullum da safe Anti Nabila ta je auna mata jini, ta miƙo hannu ba musu, kuma kullum ledar tana nan bayan ƙofa da ƙullin Hajiya a jiki. Ta ce har ta fara jin haushin ya dawo. Ta kai ta asibiti an rubuta magani, a hanya ma da silifas mai tsumma ta tafi.

Ranar tafiya mota ba ta iya shiga lungu ba, aka rako su bakin titi. Mutanen gida sun ce Inna Lami ta daɗe ba ta wuce zaure da ƙafa ba sai dole. Ana cikin sallama sai Anti Nabila ta hango ta can baya tana tahowa ita kaɗai, a hankali. Ba ta iso ba. Ta tsaya jikin wata katanga tana kallon masu sayar da rake a tsallaken titi. Ta kira wata yarinya ta ba ta ƙullin leda ta ce a kai wa baƙuwa.

"Dakuwa ce," in ji Anti Nabila. "Ni ba na cin yaji, kowa a gidan ya sani. Kabiru ya karɓa daga hannuna. Kafin mu kai Zariya ya cinye. Bai ba kowa ba, bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba."

Mamata da ke tsaye bakin kicin ta juya ta koma ciki.

"Ta taka dunduniyar takalmin, ko ƙafar ta shiga duka?" in ji Hajiya.

Anti Nabila ta miƙa mata waya. Hoton rakiya ne, kowa na dariya a gaba, Kabiru a tsakiya. Ban jira an ce mini ba, na ware gefen hoton. Ga katanga, ga gefen zani, ga takalmi ruwan ƙasa ya yi ƙura. Ƙafar ta shiga duka. Hajiya ta ɗora gilashinta a kan wayar, ta daɗe a kan ta hagun. Ta gama dubawa, na gani, amma ba ta mayar da wayar ba sai da shayin gabanta ya daina hayaƙi.

"Ɗaurin ya kai ƙarshe," ta ce. "Da rabin lamba muka ƙara. In za ki koma, ki zo mini da wuri."